Bencin Baba a Wangsa Maju

Shekarun baya, lokacin ina karatu a Kuala Lumpur, mun haɗa haya da wani abokina ɗan Jos a unguwar Wangsa Maju. Shi zanen gine-gine yake karanta, kuma yana da wata ɗabi'a da na riƙa yi wa dariya. Ya shimfiɗa katako a rabin falonmu, ya ɗora ɗan siririn layin dogo da jirgin wasa mai lantarki, yana gina masa duniya. Duwatsu da soso, itatuwa da wayar wuta, ƙasa da busasshen ganyen shayin da yake roƙo a shagon mamak, wato masu shayi da abinci, na ƙasan benenmu.

Har garin kukar da aka aiko min daga gida ya taɓa ɗiba wai zai yi ciyawa. Da ya fesa ruwan gam, tudun gaba ɗaya ya kama yauƙi. Na ce masa, "Mutumina, saura tuwo."

Wata rana ina waya da mahaifiyata ta bidiyo ya wuce ta bayana, ta ce in ba shi su gaisa. Da ya nuna mata katakon, sai ta ce ai marigayi mahaifina ma'aikacin jirgi ne, shi ke sauya wa jirgi layi a wata ƙaramar tasha kusa da Zariya. Nan take abokina ya ce tashar zai gina.

Daga nan na shiga uku. Ni in na kira ta, gaisuwa ce, ya karatu, a riƙe salla, shi ke nan. Shi kuwa sai su daɗe suna hira, a wayata kuma. "Mama, rufin kwano ne? Tankin ruwan yana dama ko hagu?" Ina jin ta tana dariya irin wadda rabona da ji tun Baba na da rai. Ni Babana take kirana, saboda sunan mahaifinta gare ni. Sai ga shi ta fara cewa, "Babana, ina ɗana injiniya?" tun kafin ta tambayi ko na ci abinci.

Wallahi abin ya ci ni. Na fara kiran ta daga tashar jirgin Titiwangsa don kada ya ji. Ya sha tambayata, "Kai ba ka tuna komai a wurin ba?" Sai in ce ina yaro lokacin. Ƙarya nake. Ni ke kai wa Baba abincin rana a tashar nan, har tsagar da ke jikin bango na sani. So nake aikin ya fito da gyara, ta gane ba ɗanta ba ne.

Ranar da ya gama, wata Asabar da hantsi, ya sayo mana shinkafa, ya ce in kira Mama. Ya bi tashar da wayar a hankali, ya kunna jirgin ya zo ya tsaya. Aikin ya yi kyau har na ji haushi. Mahaifiyata ta ce, "Allah ya yi maka albarka. Amma ina bencin?"

"Wane benci, Mama?"

"Na gindin darbejiya, bayan ɗakin sauya layi. Can marigayi yake zama. Na bar shi ne Babana ya faɗa maka, shi ya fi ni saninsa. Tare suke cin abinci a kai."

Abokina ya juyo ya kalle ni. Gyaran da nake fata ya fito, amma ni ya kama.

Bayan ta kashe waya ya turo min tsinkayen tsire da wuƙa. "Yi mana. Kai ka san shi."

Na wuni ina yi. Ƙafa ɗaya na gajarta, na sa mata ɗan dutse, don haka na Baba yake. Da na miƙa masa ya jujjuya shi ya ce, "Wannan benci ne ko gadon asibiti? Ya fi ƙofar tashar tsawo." Duk da haka ya manna shi a gindin darbejiyar.

Daga baya na fahimci babu abin da ya ƙwace min. Tambayarta kawai ya yi. Ni tun rasuwar Baba, duk lokacin da ta ɗauko zancensa sai in ce layi ba kyau. Tana da labarin a bakinta shekara da shekaru, ɗanta ya ƙi saurara, ɗan wani ya saurara.

Ba zan ce na warke sarai ba. Har yau in na je gida sai ta tambayi injiniya kafin in ajiye jaka, kuma har yau ina jin ɗan tsinke a raina. Amma hoton tashar da ta sa aka wanko mata yana bangon ɗakinta, kuma duk baƙon da ya tsaya kallo, kan wannan ƙaton karkataccen benci take ɗora yatsa ta ce, "Wannan Babana ne ya yi."