Ɗurar Auta

In yaro ya ture kwano, ƙoshi ya yi ko ciwo ne ya fara? Na tsufa ban sani ba. 'Ya'yana biyu na farko da ture kwano suka soma, suka rame har ana ƙirga haƙarƙarinsu, aka kai su makwanci. Ina faɗa yanzu hawaye na zuba, kuma ba zan share ba.

Shi ya sa da Allah ya ba ni auta, ban jira ya nemi abinci ba. Ɗura nake yi masa, yadda uwata ta yi mini: in kwantar da shi a cinya, in tara tafin hannu a bakinsa, in zuba kunu, in toshe hanci, dole ya haɗiye. Nawa kunun ya fi na uwata, don ina sa sukari da madarar gwangwani da man shanu. Yaro ya yi wuya uku. A Kurfi in na shiga gidan suna, mata har layi suke yi su ɗauke shi, su kuma ajiye da wuri.

Lokacin ba a raba mu da Kaduna ba. Wata rana mai shela ya zaga, ya ce kowace mai goyo ta fito awon yara. Malaman asibiti suka zo daga Dutsin-Ma, suka rataye sikeli a reshen dalbejiya, irin wanda ake auna gyaɗa. Babbarsu Kirista ce daga kudu, Hausarta a karkace amma tana isa inda ta nufa. Ta tara mu ta ce a bar ɗura, a rage sukari, a bar yara su yi wasa. Sannan aka fara awo. Kowace mace sai a ce mata ta ƙara wa ɗanta wake da ganye. Da aka rataya nawa, reshen ya sunkuyo.

Ta ce, "Mama, wannan shekara nawa?"

Na ce, "Bai cika biyu ba."

"Yana tafiya?"

"Ina zai je? Komai ana kawo masa."

Mata suka yi dariya, ita ba ta yi ba. Ta ce ƙiba ma ciwo ce, zuciyarsa ƙarama ce, kayan sun yi mata yawa. Na goya abuna na taho, ina cewa a raina wannan ba ta taɓa wanke gawar yaro ba.

Maigidana tela ne a bakin kasuwa, kuma labari ya riga ni isa wurinsa. Bai yi faɗa ba, shi bai iya ba. Kwalin sukarin kawai ya ɗauka ya tafi da shi shago, inda shi da abokansa suka ƙarar da shi a shayi saboda lafiyar yaron.

Na ce, "Malam, ka manta biyun can?"

Ya ce, "Ni na haƙa musu. Wannan ba irin ciwonsu gare shi ba."

Daga nan muka raba aiki ba tare da mun yi shawara ba. Da safe ya tasa yaron a gaba zuwa gonarmu ta hanyar Tamawa, a ƙafa, yana kuka yana bi. In sun dawo ni kuma in cika shi. Haka muka yi ta ja shekara da shekaru. Ya girma ya fi ƙarfin cinyata, na koma bin sa da kwano. Wuya uku ya koma ɗaya. Duk wanda ya ce yaro ya yi kyau, sai in ji kamar ta'aziyya yake yi mini.

Yana aji huɗu Malam ya kwanta. Ciwon ciki ne, an kai shi Dutsin-Ma an dawo da shi. Ranar ƙarshe, bayan azahar, ina zaune kusa da shi ina yi masa fifita. Tuwon yaron na rufe tun rana bai taɓa ba, muna jin ihunsu a waje shi da abokansa suna buga ƙwallon tsumma. Na ajiye mafici na miƙe zan kira shi. Malam ya kama bakin zanena, hannun ba ƙarfi. Na zauna. Maganar da ya yi mini a nan ita ce ta ƙarshe, kafin la'asar ya cika.

Ya ce, "Ƙyale shi. In ya ji yunwa zai zo da kansa."