Facin tayar amalanken Baba

Muna kan amalanke za mu kasuwar Guci, takardar jarrabawata na ɓoye cikin hijabi. Malam ya tambayi sin x = 1/2, na rubuta 30° kawai, ya ba ni sifili.

Baba ya ga na ƙura wa facin taya ido.

"Ke Hadiza, facin nan ba ya gudu. Yana hawa zai gifta bakin katakon nan, yana sauka ya sake giftawa. Kowane juyi haka, har Guci."

Ashe 30° ne da 150°, kowanne a yi ta ƙara masa 360°. Wata uku ina zana da'ira a lise, makarantarmu ta sakandare, ban gane ba.

Jama'a, yaya zan nuna wa sabon malamina, Baba, sifilin nan?