Damshin Auduga

Yayana ne ya kai ni aiki a masana'antar gurzar auduga a Parakou. Mu 'yan Djougou ne, gidan fatake, amma shi bai taɓa son kasuwa ba. Aikinsa kula da damshin auduga kafin ta shiga inji. Idan ta bushe da yawa zarenta ya kakkarye, idan ta jiƙe ta toshe injin. Sai ya damƙi auduga ya murza, ya ƙara tururi ko ya rage.

Wata kaka aka kawo sababbin na'urori, tare da wata injiniya daga Kwatano, inda babban ofishin kamfanin yake. Da yake na yi makaranta ina jin Faransanci, aka sa ni cikin masu koyo. Matar tana da haƙuri. Ta nuna mana wani ɗan ƙarfe da aka dasa a bakin bututu.

"Wannan shi ne kafta," in ji ta. "Shi ke jin damshi. Ya gaya wa otomat, akwatin can mai tunani. Otomat ya gwada da adadin da muka ba shi, sai ya umarci famfon tururi ya buɗe ko ya rufe. Kafta ya sake ji, ya sake faɗa. Haka suke zagayawa, ba tsayawa."

Na fahimta nan take, har na ji daɗi. Sai da na waiga na hango Yaya tsaye gefen famfonsa, ya goya hannu a baya, sannan daɗin ya gushe.

Da dare muka koma ɗakinmu na unguwar Kpébié. Muka ci doya, kowa na kallon kwano.

Da kaka ta ƙare ba a sake kiransa ba. Ni aka ba kujera gaban allon na'ura, a ɗaki mai sanyi. Ya tattara kayansa ya koma gida, daga baya ya kama gona a ƙauyen Pélébina.

Na daɗe ina jan ƙafa kafin na kai masa ziyara. Na same shi yana gyaran kunyar doya, ya rame. Muka zauna a inuwar kaɗanya.

"Ƙanena, gaya mini yadda abin nan yake aiki."

Na zana masa a ƙasa da tsinke: kafta, otomat, famfo, da layin da ya koma farko. Ya daɗe yana kallo.

"Yana kuskure?"

Na so in ce masa e. Amma shi ya rene ni, ya san fuskata.

"Ba sosai ba, Yaya. Zaren ma ya fi kyau yanzu."

Ya gyaɗa kai. "To, madalla. Ka riƙe aikinka da kyau." Ya tashi ya ɗauki fartanyarsa, bai ko raka ni bakin hanya ba. Matarsa ce ta biyo ni da ƙullin gyaɗa, ta ce kwana biyu ba ya son magana da kowa, kada in sa a raina.

Da na koma Parakou na tarar injiniyar ta dawo, tana jan wata sabuwar waya daga bayan allona. Na tambaye ta ta mece ce.

"Don a riƙa ganin komai daga Kwatano, ba sai wani ya zauna a nan ba," ta ce, ba ta ɗago ba. Ta roƙe ni in riƙe mata fitila, na riƙe.