Madubin Wanzami a Kan Dutse

Cikin ranakun aikina akwai wadda ba ta fita daga raina: Litinin ɗin da Shef Alasan, shugabanmu, ya kira ni ofishinmu na Titirou, a Parakou, ya ce in je in kwance anten ɗin intanet na wani asibitin haihuwa. Lokacin ina shekara ta uku a kamfani, ƙaramin teknisiyan, wato mai hawa tsani, ba mai zama a teburi ba.

Saboda ku da kuka shigo bana, bari in fara da yadda abin yake. A yankin Djougou mun kafa rezo, wato hanyar sadarwa, irin na saƙa. Intanet na shigo mana wuri ɗaya, a kan tankin ruwa da ke gefen gari. Daga nan akwatin sadarwa ke miƙa wa akwati: wannan a rufin makaranta, wancan a wani ofis, har Partago, har wani ƙauye can cikin Onklou inda asibitin yake. Layin da ke ɗauke da kayan kowa shi muke kira ƙashin baya. To kowane akwati rediyo ɗaya gare shi. Da shi yake sauraron na bayansa, da shi yake magana da na gabansa, da shi yake kula da wayoyin mutanen wurin, duk a kanal ɗaya, wato zango ɗaya, kuma ba ya iya ji da faɗa lokaci guda. Don haka a kowane tsalle daga akwati zuwa akwati, gudun intanet sai ya ragu kusan rabi. Asibitin kuwa shi ne tsalle na bakwai. Ga shi ba ya samun abin kirki, ga shi yana janyo wa na gaba nauyi.

Shef ya ce, “Habibu, mutanen Partago sun ishe ni da kira. Cire akwatuna ukun ƙarshe, sauran su numfasa.”

Na ce, “Shef, da layin nan fa Madam Azaratu, ungozomar asibitin, take aika hoton ciki wa likita a Djougou. In an cire, mata za su koma hawan babur da tsohon ciki.”

Ya sosa ƙeya. “Kana da har Alhamis. In ba ka samo dabara ba, ka dawo mini da akwatunan a kwali.”

Dabarar dai na san ta. A ba ƙashin baya nasa rediyo dabam, mai anten irin na faranti, a kanal dabam, sannan a rage tsalle. Amma faranti sai ya ga ɗan'uwansa ido da ido. Ina buƙatar wuri mai tudu da ke hango tankin Djougou, yana kuma hango rufin asibitin, kuma taswirar kwamfuta ba ta nuna mini ko ɗaya ba.

Na shiga taksin Djougou, na samu gaba, kusa da direba, wani dattijo mutumin Nijar da ake kira Baba Illa. Kwamfuta na kan cinyata, ina ta tsaki. Ya jure har muka yi nisa, sannan ya ce, “Ɗana, wa ya mutu a cikin allon nan?”

Na yi masa bayani iya yadda zan iya. Sai ya bushe da dariya.

“Ita taswirar taka ta taɓa yin faci a daji? Shekarun baya na kai 'yan biki wata ruga bayan Partago, taya ta fashe. Na hau wani dutse ina neman rezon waya in kira gareji. Daga kansa na ga tankin nan naku, na juya na ga kwanon asibiti yana walƙiya.”

Ban yarda sosai ba, amma ba ni da wata hanya. Washegari da safe ya ɗauke ni. Ƙarshen damina ne, sama ta wanke tas. Muka bar titi, muka ratsa gonakin kaju, wato yazawa, da na doya, sai ga dutsen, baƙi, mai faɗin kai. Na duba taswira na gan shi ɗan ɗigo. Gaskiya laifina ne, ban taɓa duban inda babu gini da mai gadi ba.

Daga sama na hango wani abu fari can nesa, amma ban tabbata tankin ba ne. A aikinmu ba a kafa faranti da tsammani. Tsofaffin ma'aikata sun koya mini cewa in kana shakka, ka haska madubi, wani ya duba daga can. Na motar Baba Illa ya tsage, don haka muka koma Partago. Ranar kasuwa ce. Muka samu wani wanzami da madubi kusan rabin ƙofa. Ya ce madubinsa ba ya zuwa ko'ina ba tare da shi ba. Muka jira ya gama kan da ke hannunsa, ya shiga bayan mota rungume da madubin, yana yi wa Baba Illa faɗa a kan kowane rami.

Da muka koma kan dutsen, abokin aikina Bio, da na kira tun muna kasuwa, ya riga ya hau tanki a Djougou, waya a kunne. Ni da wanzami muka riƙe madubi muna karkata shi sannu a hankali. Muka yi minti biyar muna haka. Can sai na ji ihu a waya: “Na gani! Na gani! Sauke, za ka makanta ni!”

Muka juya wajen Onklou. Can babu ma'aikacinmu, sai Madam Azaratu da kanta ta sa aka jingina mata tsani ta hau. Ta ce, “Habibu, ga wata tauraruwa da rana tsaka. Ku ne?”

“Mu ne, Madam!”

Saura izini. Dutsen na gefen rugar wani Ardo, kuma Baba Illa ne ya shige gaba da 'yar Fulatancinsa. Aka sha gaisuwa, aka sha nono. Ardo ya kafa sharaɗi biyu: kada a firgita masa shanu, kuma tunda za mu sa fano mai ɗaukar hasken rana, a bar wa mutanen ruga wurin cajin waya. Da na faɗa wa Shef a waya, cewa ya yi, “A sa musu guda huɗu.”

Laraba Shef ya iso da kansa da faranti huɗu, fano da batir. Mutum ne mai jiki, sai da ya huta sau uku kafin ya kai saman dutsen, wanzami na ba shi ƙarfin gwiwa, don shi ma ya dawo kallo. Muka sa faranti ɗaya a tanki, biyu a dutse suna ba juna baya, kowanne da kanal ɗinsa, ɗaya a asibiti. Tsalle bakwai ya koma biyu. Tsohon layi bai ƙara ɗaukar kayan Onklou ba, sai Partago ta samu sarari, kuma muka bar shi a matsayin hanya ta biyu in sabon ya samu matsala.

Alhamis da hantsi aka yi gwaji. Madam Azaratu ta aika hoton wata mai ciki, ta ga bai tsaya yana juyi a allo kamar kullum ba, sai ta ɗauka bai tafi ba. Ta sake aikawa, ta kuma sakewa. Sai ga kiran likita: “Madam, ya isa haka! Mace ɗaya ce ko uku?” Har matan da ke zaune a benci sai da suka yi dariya.

Abin da na koya ke nan. Lissafin rediyo da kanal dole ku iya shi, don ba Baba Illa ne zai saita muku faranti ba. Amma ƙasar da kuke son haɗawa akwai waɗanda suka taka ta da ƙafa tun ba a haife ku ba. In an tura ku sabon gari, kafin ku buɗe kwamfuta, ku je tasha ku gaida direbobi, ku tambaye su inda suke tsayawa su hango nesa. Kuma in dattijo ya yi muku dariya, kada ku ji haushi. Ku matsa kusa, akwai abin da ya sani.