Sunan Ɗan Fari a Ulaisha

Mun tashi da asuba daga Katsina, ni da wani maƙwabcina da zai wuce Umara. Direba ya ce kuɗin mota ya ƙaru saboda tsadar mai, muka biya ba gardama, don mai sauri ba ya ciniki a tasha. A Kankiya maƙwabcin nawa ya sayi ƙosai mai zafi ya miƙo min, na riƙe shi a hannu har Bichi ban ci ba. Ya tambaye ni ko tsoron jirgi nake yi. Na ce masa ina ma a ce shi ne.

Ga abin da ya fitar da ni daga gida. Yayana ya daɗe a Riyad yana tuƙa wa wani Balarabe mota. A can aka haifi ɗansa na fari, yaro ya tashi ƙato, wani malamin wasanni ya ƙyalla ido ya gan shi, aka samo masa gurbin karatu a Amurka. Can ya faɗa ƙwallon Amurkawa, wadda ake sa hular kwano ana bangazar juna. Wurinsa a fili shi ne bakin sahun masu tsaro: da an saki ƙwallo sai ya kewaye ƙaton da ke gabansa, ya kayar da mai jifa kafin ƙwallo ta bar hannunsa. Bana ya gama jami'a, manyan kulob kuma suna shirin zaɓen sababbin 'yan wasa, kowa na ɗauka bi da bi. Wanda aka ɗauka da wuri kakarsa ta yanke saƙa. Wanda aka tsallake sai ya nemi wata sana'a.

Kafin zaɓen, duba yaro suke yi kamar ragon layya: tsawon hannu, faɗin tafi, saurin takun farko, da yadda zai sunkuya ya sha kwana bai faɗi ba. Duk wannan yaronmu ya haye. Da suka zo kan hali sai suka bugo waya gida. Ƙanwar yaron ce ta yi tafinta, ta kuma fassara komai tiryan-tiryan. Aka ce Yaya ya yi bayanin ɗansa, ya ce, "Wancan? Ai ban da ci ba abin da ya iya." Aka tambaye shi ko yana alfahari da shi, ya ce a yi wata tambayar. Har aka ajiye waya bai kama sunan yaron ba.

Ni da ku mun san kunyar ɗan fari ce. Su kuwa sai suka rubuta cewa akwai ɓaraka tsakanin uba da ɗa. Ga shi dama yaron ba ya haɗa ido da manya in ana yi masa tambayoyi, sai suka ce lallai da walaki. Wakilin yaron ya kira ni, da yake ni ne malamin Turancin gidan, ya ce sunansa ya fara zamewa ƙasa. Amma wani jami'in kulob zai biyo ta Riyad daga wani sansanin horo a Afirka, ya kuma yarda ya zauna da uban. Tafintar wannan zaman ce ta sa ni neman bizar ziyara.

A filin jirgin Kano layi ya yi tsawo, kowa da ƙullin kilishi da yaji da aka ba shi saƙo. A Jidda muka rabu da maƙwabcina, ya ce zai sa mu a addu'a a gaban Ka'aba, na riƙe hannunsa na ce don Allah kada ya manta. Riyad daga sama fili ne ja fetal, sai kawai ka ga gari ya ɓullo. Tituna faɗi-faɗi, ba rami ko ɗaya, amma tuƙin mutanen sai da na yi ta salati. Yaya ya nuna min sabon jirgin ƙasansu da ke tafiya ba direba, ya ce Allah ya sa ya gama aiki kafin abin ya iso kan motoci.

Ulaisha, inda Yaya yake zaune, tsohuwar unguwa ce, benaye masu gajeren tsawo, na'urorin sanyaya ɗaki na ɗigar da ruwa a kan masu wucewa. Kusan kowace kwana sai ka ji Hausa, yawanci ta mutanen Maraɗi da Damagaram, an cakuɗa ta da Larabci. Wani ya gaishe ni da "Kaif halak, ya mutanen gida?" sannan ya shiga ba ni labarin iƙamarsa, takardar izinin zama, da ta ƙare, da kafilinsa, ubangidan da ya tsaya masa, da ba ya ɗaukar waya. Karin kumallonsu burodin tamis ne da wake da aka dama, ga araha ga riƙe ciki. Nama ne dai in ka juya kuɗinsa zuwa naira sai ka ji ka ƙoshi.

Yaron ya zo gida na 'yan kwanaki kafin zaɓen. Sai da ya sunkuya kafin ya shigo ƙofar falo, ya durƙusa ya gaishe ni, a durƙushen ma ya kusa kai tsawona. Da muka keɓe ya ce, cikin Hausarsa mai ƙamshin Larabci, "Baffa, wallahi ina tsoro. Ni na san Baba yana so na, amma su ba su sani ba." Na ce masa ya kwantar da hankali, alhali nawa a tashe yake.

Washegari na raka Yaya kasuwar Dira, kusa da tsohon gidan yaƙin nan na ƙasa, Masmak, don sayen turare da gahawar baƙo. Tsakanin shagunan darduma da na alkyabba na fara lallaɓa shi. Na ce ba wani abu ake nema ba, ya dai yabi yaron, ya kira sunansa ko sau ɗaya. Ya tsaya cak da ledar gahawa a hannu.

"Kai ma bokon ya cinye ka? Baba ya taɓa kiran sunana? Na lalace?"

Na ce bai lalace ba, amma Baba bai yi hulɗa da Amurkawa ba. Ya ce in ji da kyau, kada in kuskura in ƙara masa gishiri a magana, don yarinyar nan tana jin Turanci, za ta gaya masa. Dabarar da na ɗauko tun daga Katsina ke nan, ta mutu a tsakiyar kasuwa. Da rana aka kawo kabsa, shinkafa da kaza mai ƙamshin kayan yaji, ban san ɗanɗanonta ba.

Baƙon ya iso bayan la'asar. Baƙar fata ne ɗan Amurka, tsohon ɗan wasa, yana ɗan ɗingishi. Ya cire takalmi ba a ce masa ba, ya sha gahawa, ya yabi dabino. Yaron ya gaishe shi ya fice, don ba zai zauna ana maganarsa a gaban ubansa ba. Na fara da dogon bayani kan kunyar ɗan fari, na kawo misalai, har da na kakanninmu. Ya saurare ni cikin ladabi, sannan ya ce ya gode, amma a aikinsa ya sha jin bayanin baffanni, kowane yaro yana da baffa mai iya magana. Daga bakin uban yake son ji.

Ya ce ba shi da shakka a kan ƙarfin yaron. Sai dai wannan wasa yana karya mutane. Wata rana za a ji masa ciwo, wata rana gari guda zai zage shi, shi kaɗai a ɗaki. Abin da kulob ke son sani shi ne, in abin ya ɓaci, yaron yana da gidan da zai koma?

Na fassara. Yaya ya zuba wa darduma ido. Baƙon kuma ya fara juya alƙalami a hannu. Ina shirin cewa wani abu, ko mene ne, sai Yaya ya yi gyaran murya.

"Ka gaya masa, Haruna bai taɓa sa na sunkuyar da kai a garin mutane ba. Ko sun ɗauke shi ko sun bar shi, Haruna ɗana ne."

Motsin kwanuka da ake ji daga kicin ya tsaya. Ni da nake koyar da Turanci tun ina saurayi sai da na yi in-ina kafin na haɗa jimlar. Baƙon ya gyaɗa kai, ya ɗan yi rubutu, ya wuce zuwa tambaya ta gaba, kan irin abincin da yaron ke ci a gida. Bai san abin da aka yi a gabansa ba.

Da aka raka shi mota, Yaya bai dawo ciki ba, ya miƙe masallaci tun ba a kira magariba ba. Na tarar da Haruna zaune a matakalar bene, inda ya ji komai. Idanunsa sun yi ja. Ya ce, "Baffa, ashe haka sunana yake a bakinsa." Na zauna kusa da shi.

Na dawo ta Jidda, na sauka Kano, na kamo hanyar gida. Wakilin ya aiko cewa baƙon ya rubuta alheri, amma kulob ɗaya ne cikin masu yawa, sauran suna nan da tsohon rahotonsu. Zaɓen bai zo ba tukuna, kuma duk ƙarar waya sai gabana ya faɗi. Abin da na koyo a tafiyar nan shi ne, abin da muke rufewa don yana da daraja, wanda bai san mu ba gani yake babu shi ne, kuma wani lokaci har wanda muke rufewa dominsa yana ƙishin ya ji.

A tashar Katsina babban ɗana ne ya zo ɗaukata, magidanci da 'ya'yansa. Na hango shi yana waige-waige cikin mutane bai gan ni ba. Tun daga Bichi na shirya abin da zan yi. Na ɗaga hannu, na buɗe baki, sai na ji kaina ina cewa, "Kai! Ga ni nan."