Ralitsa da Wayoyin Tsofaffi

Ralitsa Gocheva a saman ɗakina take zaune, a benenmu na bakin kogi a nan Gabrovo. Tun tana goye na san ta. Uwarta Nevena ƙawata ce, tare muke kunna kyandir a coci. Ralitsa ta yi karatu a Sofiya, ta samu aiki mai kyau a wani kamfani, amma da ciwon ƙafa ya kwantar da uwar sai ta ɗauko kwamfutarta ta dawo gida, tana yi wa kamfanin aiki daga teburin kicin. Ba ta yi aure ba. In an matsa mata da tambaya sai ta ce, "Ba a kawo lambata ba tukuna," kamar zancen takalmi.

Kamfaninsu yana da manhajar da likita ke aiko wa mara lafiya sakamakon gwaji ta waya. A ciki akwai makulli mai hargitsa saƙo, don kada wani ya karanta a hanya. Ba ita ta ƙera makullin ba. Nata shi ne ta haɗa shi a babbar kwamfuta yadda zai zauna a cikin waya.

"Kamar ɗinkinki ne, Gwaggo Velika," in ji ta. "A teburinki kike yanka, wata ce za ta saka, kuma ba ta zo awo ba."

Bara da kaka aka sauya makullin. A sababbin wayoyi ya zauna daram. A tsofaffi kuwa, da an taɓa manhajar sai ta mutu. Mu ne masu tsofaffin. Ni wayar mijina Kostadin nake riƙe da ita, Allah ya jiƙansa, kuma ta nan likitan zuciyata ke yi mini magana.

Ran Lahadi bayan addu'a Ralitsa ta tsaya a ƙofar coci da kwando, tana aron wayoyi don gwaji. Ni ma na ba ta ta Kostadin. Tsohuwa Tsonka ta miƙa tata, ta sake janyewa.

"Da caji na ba ki, 'yar nan. Da caji za ki dawo mini da ita."

"Har goge ta zan yi, Kaka."

"Kada ki goge, za ta siɗe."

Ina kicin ɗinsu muna ɓare gasasshen tattasai ni da Nevena, sai Zdravko, shugaban Ralitsa a wurin aiki, ya bayyana a fuskar kwamfuta.

"Rali, gidan kayan tarihi kika buɗe? Ku mutanen Gabrovo ba ku yar da komai. Ko dai mu cire tsofaffin wayoyin nan, ko mu ba su manhajar ba makulli. Wa zai saci sakamakon fitsarin wata tsohuwa?"

Nevena ta ɗaga murya daga kujerarta. "Tambaye shi na uwarsa a kasuwa ake karantawa?"

"Mama, don Allah." Ralitsa ta juyo gare shi. "Ba zan sa hannu a ko ɗaya ba, Zdravko."

"To ran Jumma'a wani zai sa."

"Sai ka fara neman sa. Kafin nan aikina ne."

Ta kashe kiran. Ta ja kwandon wayoyin gabanta.

Kwana da kwanaki tana haɗawa, tana lodawa, tana kallon abu yana mutuwa. Kullum kwamfutar cewa take an gama lafiya. Wannan ya fi cin ranta. Ni dai miya nake kai musu, in sauko in yi addu'a.

Ran Alhamis da hantsi na ji ihu. Na hau da gudu, na zaci Nevena ce ta faɗi. Na tarar da Ralitsa tana dariya da hawaye, wayar Kostadin a hannunta, manhajar a buɗe.

Don haushi ne ta goge layin da ke gaya wa kwamfuta irin wayar da za a yi wa aikin, ta sake bugawa, kalma iri ɗaya. Sai ya yi. Ashe ranar farko ta gama rubuta wa likitan uwarta saƙo da baƙaƙen yarenmu, ta buga harafin farko na sunan wayar kafin ta juya zuwa baƙaƙen Latin, irin na boko. "A" ɗinmu da nasu tagwaye ne a ido. Kwamfuta ba ta gane sunan ba, ba ta kuma ce uffan ba, sai ta riƙa yanka da awon sababbin wayoyi.

Nevena ta ce, "Ki ce wa Zdravko kin gyara kawai. Dole ya san kuskuren na wane ne?"

Ba ta saurare ta ba, ta kira shi.

"Wayoyin lafiyarsu ƙalau. Kuskurena ne, harafi ɗaya."

"Kuskurenki ya tsayar da mu, kuma ke ce da ɗaga hanci?"

"Ni ce. Da na bi taka, da kuskuren na nan zaune, tsofaffi kuma an bar su a waje."

Manhajar ta fita da makullinta, har da mu a ciki. Bayan mako guda suka karɓe ikon sa hannun daga wurinta suka ba wani. Na hau in yi mata jaje, na same ta kan kujera tana jona wata tsohuwar waya da ta sayo a kasuwar gwanjo, a bisa firji. Kafin su karɓe, ta tsara aikin yadda babu sabon makullin da zai fita sai an gwada shi a irin wannan wayar, ta kuma rubuta wa kowa a kamfanin cewa ta yi hakan.

"In sun cire fa?" na ce.

"Sai mai cirewa ya sa sunansa a gaban kowa, Gwaggo. Riƙe mini kujerar nan."