Furen da Na Yar a Gindin Marke

Har ƙasa ta rufe idona ba zan manta da abin da na ji a harshena ran nan ba. Da fari kamar tururuwa ke yawo a kansa. Kafin na kai bakin gari ya koma kamar an cusa mini ƙayoyi har maƙogwaro, yawu yana ta zuba na kasa haɗiye shi.

Shekarar da ta biyo bayan babban fari ce, rumbuna duk sun yi fayau. Ni 'yar cikin Gumel ce, aure ya kai ni wani ƙauye kusa da Ɗanzomo, ban san daji ba sam. Ruwan farko ya sauka, da safe mata suka fita tonon rujiya, wata saiwa mai ruwa da ake ci ɗanya. Na bi su, amma na ware gefe don kada su gane ban iya ba. A gindin wani marke na ga wani tsiro, na tona, na sami saiwa fara mai kauri kamar yatsu. Na karye kan na yar, na goge ta da zane na tauna. Yunwa ce irin ta mai ƙaramin ciki, ciki na farko kuma, wanda kunya ta hana ni faɗa wa kowa.

Da na isa gida surukata ta dubi guntun saiwar da ke hannuna, sai ta dafe ƙirji.

"Innalillahi! Baurairai yarinyar nan ta ci!"

Ko a birni mun san sunan baurairai. Mun san wanda ya ci shi da safe, da wuya ya ga jibi. Nan take ta shiga dama wani jiƙo baƙi da ake ba wanda ya ci guba, mai fito da duk abin da ke cikin mutum. Ta miƙo ƙwaryar, ni kuwa na kasa karɓa. In na sha, ina tsoron cikin zai bi. In ban sha ba, mu biyun ne za mu tafi. Kuma bakina ba zai iya furta wa surukata maganar ciki ba.

Kakar mijina, wadda muke ce wa Iya, tana zaune a inuwar zana tana kallona. Ta dubi ɗaya hannun da na ɗora a kan cikina, ta ce, "Ajiye ƙwaryar nan. Ba kya ganin yarinya ba ita kaɗai ba ce?"

Surukata ta sauke ƙwaryar. Iya ta karɓi saiwar ta juya, ta shinshina.

"Saiwa ba ta faɗin sunanta. Ke 'yar birni, ina kan?"

"Na yar, Iya," na faɗa da kumburarren harshe.

"Kin kyauta. To tashi ki kai ni. Ke kuma riƙo jiƙonki, in shi ne, a can za ta shanye."

Tafiyar nan har yau nakan yi mafarkinta. Iya tana dogara sanda a hankali, surukata a baya da ƙwarya tana salati, ni a gaba ina bin sawun ƙafata a jiƙaƙƙen rairayi. Duk marke sai ya zame mini iri ɗaya. Cikina ya murɗa sau ɗaya, na ce shi ke nan, gubar ta fara aiki.

Da muka sami ramin, abin da idona ya fara gani wani siririn tsiro ne a gefensa, tsinin ganyensa ya lanƙwashe kamar ƙugiya yana neman abin kamawa. Surukata ta saki ƙara.

"Ga shi nan! Wallahi shi ne!"

"Wannan kam baurairai ne," in ji Iya. "Da damina ta yi nisa zai yi fure ja da rawaya kamar harshen wuta."

Na zauna a ƙasa. Na miƙa hannu ga ƙwaryar da kaina.

"Dakata mana, mai gaggawa! Maƙwabcinsa na gani, ban ga abin da kika karya ba."

Iya ta durƙusa da ƙyar tana share busassun ganye da yatsu. Awaki sun ratsa wurin, ga kashinsu ko'ina, na tabbata sun cinye. Ta daɗe tana lalube. Can sai ta ɗago wani abu tsawon yatsa, kore da duhun shuni, mai baki a buɗe kamar ƙaramin zunguru, rabinsa duk ƙasa. Ni ban ma san fure ba ne. Ta karɓi guntun saiwar ta haɗa karyayyun bakunan biyu. Suka zauna daram.

Sai ta yi dariya har haƙorinta ɗaya ya bayyana.

"Gwandayi ne, 'yar birni. Shi yake fure a ƙasa kafin ya yi ganye. Mu ma muna cinsa, amma sai an dafa an zubar da ruwan an sake. Ɗanye kuwa haka yake yagar baki. Ba ya kisa. Zubar da jiƙon nan, a nemo mata nono."

La'asar ta yi sanyi a lokacin. Na kifa kaina a cinyarta na yi kukan da ban yi ba ko ranar da aka kawo ni gidan miji. Ɗan da ke cikin nan yau yana bin mahaifinsa gona, amma in na ga marke har yanzu harshena yakan yi mini tsam. Tun daga ranar ba na kai abin daji baki sai na kawo shi da kansa da furensa, kuma na daina jin kunyar cewa ban sani ba.